Aron Ido

Sati bakwai da rasuwar Yaya, ina zaune a bakin gado ina shafa wa Inna man zafi a gwiwa, ta ce tana son hotonsa a takarda.

"Ba na cikin waya ba," ta ce. "Wannan ɗan madubin naku in na duba ba na ganin komai sai haske. Ki yi mini babba, cike da takarda, yadda zan kawo shi kusa da fuskata."

Na ce ai wannan ba wani aiki ba ne. Kusa da kantin maganin da nake aiki akwai shagon masu wanke hoto, gobe in na tashi sai in biya.

"Ba na shago ba. A injinsa za ki yi mini, da tawadar da ya zuba da hannunsa."

Hannuna ya tsaya cak a kan gwiwarta, har sai da ta ce, "Ke, man ya ƙare ne ko ƙarfin?" sannan na ci gaba da murzawa.

Ba ni da damar ce mata a bari sai an kwana biyu. Idon Inna tafiya yake yi. Ta fi shekara tana ɓoye mana, tana lalube a cikin ɗakinta kamar mai gyaran kaya, ba mu gane ba sai ranar da ta tsiyaya ruwa a gefen kofi a gaban masu zuwa gaisuwa. Da na kai ta asibiti likita ya haska, ya daɗe yana haskawa, sannan ya ja ni gefe ya ce abin da ya tafi ya tafi, ɗan abin da ya rage ma watanni ne. Tsohuwar da ke cikin wannan hali ta ce tana son ganin fuskar ɗanta, wa zai ce mata gobe?

Yaya malamin firamare ne. Shekara ashirin da biyu yana koyar da 'yan aji ɗaya, ya ƙi yarda a ɗaga shi gaba, wai manyan yara sun riga sun san ƙarya. Matarsa ta riga shi rasuwa da shekara shida, ba su haihu ba. Ni kuma aurena ya mutu na dawo gida, sai muka zama mu uku, kowa da ɗakinsa. Injin nan nasa firinta ce, ya saye ta ne don ya riƙa buga wa yaransa hotunan dabbobi da haruffa masu launi. Ta tsufa har an daina kawo katirij ɗinta kasuwa, wato ɗan akwatin tawadar da ake sa mata a ciki. Wani zai jefar ya sayi sabuwa. Yaya kuwa ya ce abin da bai mutu ba ba a binne shi, ya koyi yi wa katirij ɗin ɗura a gida.

Aikin ba wuya, sai dai yana son natsuwa. In ka ɓare takardar da ke saman katirij ɗin za ka ga ramuka uku, kowanne da soso a ƙasansa. Na sama na ja ne, na hagu na shuɗi, na dama na rawaya. Kowane launi da sirinjinsa. Ni nake kawo masa sirinjin daga kanti, ni kuma nake kawo masa kwalaben maganin tari da aka shanye, waɗanda mai tawada ke tsiyaya masa a ciki. Kwalaben masu duhu ne, in ka dube su daga waje duk tawadar baƙa ce.

Matsalar ɗaya ce, kuma da ita aka haife shi. Idon Yaya ba ya raba wasu launuka. Rawaya yana gane ta. Amma jan tawadar nan da shuɗin, ya ce shi a wurinsa duk ruwan wanki ne. Karon farko da ya yi ɗura shi kaɗai ya zuba ja a ramin shuɗi, shuɗi a ramin ja, ya buga hoton akuya ya kai aji yana alfahari. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, akuyar ba ta da lafiya ne?" Akuya ta fito koriya shar, sararin sama a bayanta ruwan hoda. Har ya bar duniya abokan aikinsa Mai Koriyar Akuya suke ce masa.

Tun daga nan ba ya ɗura sai da ni. Duk ranar Asabar ɗin da tawada ta ƙare zan ji muryarsa ta ratsa gidan: "Auta! Zo ki ba ni aron ido!" Shekarata arba'in da ɗaya, amma a gidan nan Auta nake. In je in tsoma tsinken ashana a kowace kwalba, in ɗiga a kan tishu, in ce wannan ja, wannan shuɗi. Aikin minti biyu. Na taɓa gajiya na rubuta sunayen a salatif na manna wa kwalaben. Washegari na tarar ya ɓare.

"In na bar rubutun," ya ce, "da wace hujja zan riƙa tashin ki daga kan waya?"

Ranar da ya rasu Asabar ce, bayan an ci abincin rana. Ina bayan gida a gindin igiyar shanya, ina waya da wata abokiyar aikina, muna yi da wata abokiyar aikinmu. Ya kira. Na ɗaga murya na ce, "Ina zuwa!" Ya sake kira, na ce, "Na ce ina zuwa, Yaya, ba guduwa tawadar za ta yi ba!" Kira na uku ban ma amsa ba, tsaki na ja. Daga nan bai ƙara ba. Da na gama wayar na duba, minti arba'in da uku muka yi, kuma yau in za a yanka ni ba zan iya tuna abin da matar ta yi da muke zaginta ba.

Na same shi a kan kujerarsa, kansa a kan tebur, tabarau ya karkace a fuskarsa. Hannunsa da na kama ya fara sanyi. Likita ya ce zuciya ce.

Ɗakin Inna yana can ƙarshen baranda, kuma ba ta tashi sai an kama ta. Da na shiga in faɗa mata, ta kalli wajen da nake ta ce, "Kina tare da shi?" Bakina ya riga ni. Na ce, "Ina tare da shi, Inna. Muna cikin ɗurar tawada ne. A hannuna ya cika, bai sha wuya ba." Ta ce alhamdu lillahi. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta maimaita masa, wai ko ba komai ɗanta bai tafi shi kaɗai ba, ƙanwarsa na riƙe da shi. Sati bakwai ina jin wannan magana tana fita daga bakinta, kowane karo kamar ana zare mini jijiya.

To ga abin da ya tsayar mini da hannu a kan gwiwarta. Ranar nan na ga kwalaben a rufe, sirinji uku a wanke cikin kofi, katirij a cikin firinta. Ban sani ba ko ya haƙura ya mayar yana jirana, ko ya gaji ya yi ɗurar shi kaɗai. In shi kaɗai ya yi, canke ya yi, kuma canken Yaya mun san inda yake ƙarewa. Inna ta san labarin akuya fiye da kowa, ita ta fi kowa dariyarsa. In na miƙa mata ɗanta da koriyar fuska, ba sai an yi mata fassara ba. Za ta san ba na wurin.

Na ja ƙafa har Asabar. Da rana, bayan na ba ta magani, na buɗe ɗakinsa.

Ban shiga ba tun ranar. Iskar ɗakin ta tsaya da ƙamshin sabulunsa da warin takarda. Rigarsa ta makaranta na rataye a bayan ƙofa, biro biyu a aljihu. A kan tebur ledar nan ce mai ɗige-ɗigen tawada na shekaru, tabarau a inda na ajiye shi, kofin sirinji ruwansa ya ƙafe ya bar zobe. Kujerar tana nan a ɗan juye, yadda muka bar ta da muka ɗaga shi. Ban zauna a kanta ba. Na jawo kujerar roba daga baranda.

Da na kunna firintar ta yi ƙara ta ja numfashi, abin cikinta ya ruga hagu ya ruga dama ya tsaya. Na san kukanta sarai, amma sai da tsigar jikina ta tashi, don ban taɓa jin sa ba tare da tarin Yaya a bayansa ba. Na buɗe murfin na zaro katirij ɗin. Da nauyinsa. Cike yake, an liƙe ramukan da sabon salatif, an danne gefen da farce yadda yake yi. Ashe bai jira ni ba.

Bakin katirij ɗin ya bushe. Na ɗebo ruwan ɗumi a faranti, na tsoma bakin kaɗan na ɗan lokaci, na dangwala a tishu. Layi uku suka fito, ja da shuɗi da rawaya, kowanne tsaf. Na ce a raina wataƙila Allah ya rufa mini asiri, ai ko makaho yana jifa ya dace.

Hoton da na zaɓa ni na ɗauke shi bara a ƙofar gida. Yana sanye da shuɗiyar riga, yana dariya don na gaya masa safarsa ba iri ɗaya ba ce. Na tura shi daga kwamfutarsa, na sa takarda mai sheƙi, na danna.

Firintar tana fitar da hoto ne daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, ba ta gaggawa. Bangon gida ya fara fitowa, daidai. Sai gashinsa, da furfurar gefen kunne. Sai goshinsa, da launin fatarsa sak, har ɗan tabon da na yi masa da murfin gwangwani muna yara. Na saki numfashi. Ashe ragowar tsohuwar tawadar da ke bakin ce take aiki. Daga girarsa abin ya fara juyawa. Idanun suka fito cikin wani toka-toka. Kumatun suka ɗauki kore. Kafin a kai bakin da ke dariya, fuskar ta zama koriya mai duhu, leɓɓan kamar an shafa musu shuni, rigar kuma ta fito ja kamar an jiƙa ta. Takardar ta faɗo a kan tire ta kwanta, yana kallona.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba, kuma da rana tsaka ne, ana jin yara na buga ƙwallo a layi. Daga goshi zuwa haɓa, a takarda ɗaya, na ga yayana da rai na kuma ga abin da na tarar a kan tebur. Minti arba'in da ukun nan ne aka buga mini su. Na kifa takardar. Na ji kamar kujerarsa ta yi ƙara a gefena, ban juya ba.

"Auta!" Muryar Inna ce daga ƙarshen baranda, amma sai da na zabura har gwiwata ta bugi tebur. "Na ji kukan injin. Ya fito?"

"Bai fito ba, Inna! Bakin ya bushe, sai na gyara!"

Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko sauƙin fita. Na tura takardar ƙarƙashin ledar tebur, na zaro katirij ɗin, na ɓare salatif ɗinsa.

Na san abin da ake yi, na ga ya yi bayan ɓarnar akuyar nan. Na soka allura a ramin hagu har ta taɓa soso, na ja a hankali. Abin da ya hau sirinjin ja ne mai duhu, daga ramin da ya kamata a ce shuɗi ne. Na ja na sama, shuɗi ya hau. Na kai su wurin wanke hannu na matse. Tawadar ta bi farin kwanon ta haɗu ta zama baƙa, ruwa ya tafi da ita. A nan ne na tuna maganar Inna, da tawadar da ya zuba da hannunsa. Aikin ƙarshe da Yaya ya yi a duniya ke nan nake turawa cikin magudana don in rufe bakina. Na sani, kuma ban tsaya ba.

Na yi ta ɗura ruwan ɗumi ina zuƙewa, ina ɗurawa ina zuƙewa, famfo na zuba. Soso ba ya sakin abin da ya sha da daɗin rai. Sai ka ga ruwan ya fito fari, ka sake ja, wani jan ya taso daga can ƙasa. Yatsuna suka rine har ƙarƙashin farce. Da na ga ya yi iya yinsa, na naɗe katirij ɗin a tishu na yarfe shi, na ajiye a bakin taga rana ta ɗan busar da shi.

Sannan na jera kwalaben uku. Na tsoma tsinken ashana a ta farko na ɗiga a tishu, na ji bakina ya ce, "Wannan ja." Da ƙarfi na faɗa, yadda na saba, fuskata a juye wajen kujerarsa. Na tsaya ina jiran ya ce, "Kin tabbata, ko sai na kira shaidu?" Ɗakin ya yi shiru, irin shirun wanda ya ji ka amma ya ƙi amsawa. Na ɗiga ta biyu, wannan karon ban buɗe baki ba.

Na ja ja a sirinjinsa, na ƙyasta shi da farce kumfar iska ta hau sama, na soka a ramin sama na tura a hankali. Yaya yakan ce a tura kamar ana ba jariri magani, in ka yi sauri ya amayar maka. Ni kuwa na yi sauri, tawadar ta tumbatsa ta nufi ramin rawaya, da ƙyar na tare ta da tishu. Na yi shuɗi, na yi rawaya. Na goge saman, na liƙe da salatif, na huda ƙananan ƙofofin iska da bakin allura, na mayar cikin firinta.

Bugu na farko fuskar ta fito ruwan toka. Na biyu da ratsi-ratsi. Na uku koren ya ja baya ya tsaya a wuya. Haka na yi ta bugawa ina kifewa, ina kallon yayana yana dawowa kaɗan-kaɗan, har bugu na bakwai ya fito da fatarsa da shuɗiyar rigarsa, ba abin da za a nuna a ce ga aibu. Na wanke hannu da sabulu sau uku, bai fita ba. Na ɗauki hoton na nufi ɗakin Inna.

Tana zaune a gado ta jingina da filo, fuskarta wajen taga. Na sa mata takardar a hannu. Ta kawo ta kusa har hancinta na taɓawa, ta kai ta dama, ta kai ta hagu, tana neman ɗan gefen idon da ya rage mata.

"Ya yi kyau?" ta ce.

"Ya yi kyau, Inna. Kamar ya yi magana."

"Launin fa? Daidai?"

"Daidai."

Ta ajiye hoton a cinyarta. Ta lalubo hannuna ta kama, ta shafa yatsun da suka yi yaushi don daɗewa a ruwa, ta kai su hancinta.

"Auta, idona ne ya tafi, ba kunnena ba. Famfo ya fi awa yana zuba. Injin nan sau takwas ya yi kuka, na ƙirga. Gyaran bushewar baki ba ya cin wannan ruwan, shekara nawa ina jin yayanki yana yi." Ta saki hannuna. "Kin zubar da tasa, ko?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na ji ana faɗa tun ina yarinya, ban san haka ƙarshensa yake da sanyi ba.

"Zauna," ta ce. Na zauna a bakin gadon.

"Sau uku ya kira ki. Ina kwance a nan ina ji. Da ya gaji sai na ji takunsa a baranda. Ya shigo da kwalba biyu, ɗaya a kowane hannu, da tishu a tsakanin yatsu. Ya ce, 'Inna, 'yarki na can tana raba wa duniya gado a waya. Ba ni aron naki, ai tsohon ido ya fi sabo.' Ya ɗiga mini biyu, na dama daga kwalbar dama, na hagu daga ta hagu. Ya ce wanne ne jan."

Ta murza bakin zanen gado.

"Baƙi biyu na gani, Auta. Ɗigo biyu baƙaƙe. Da na ce masa ba na gani, da a ranar zai ɗauke ni sai asibiti, ku zauna ku tasa ni gaba da tausayi. Girman kai ya hana ni. Na dangwala yatsa a kan ɗaya na ce wannan. Ya ce, 'Kin gani, aikin minti ɗaya.' Har ya kai ƙofa ya tsaya ya dafe ƙirji, ya ce abincin nan ya tsaya masa. Na ce ya je ya sha ruwa."

Sai a lokacin na tuna. Ranar rasuwar na ga babban yatsan Inna da duhu a kansa, na ɗauka wajen kama hannunsa ta shafo.

Ta tura hannu ƙarƙashin filo ta zaro wani tishu da aka ninke ƙanana, ya yi laushi don yawan taɓawa.

"A hannuna ya bar shi. Sati bakwai ina buɗewa ina dubawa. Tambayar ƙarshe da ɗana ya yi mini a duniya ke nan, ban san ko na ba shi amsar gaskiya ba. In na nuna miki, kin san na san ba kya wurin. Shi ya sa na ce bari injin ya faɗa. In ya fito daidai, ke ki riƙe naki, ni in riƙe nawa, mu mutu da su."

"Inna, kina ji ina cewa a hannuna ya cika, kina kuma gaya wa mutane."

"To me zan ce musu? Ɗaya ya tafi, in tona ɗayar?" Ta miƙo mini tishun. "Ungo. Ba ni aron ido."

Na warware shi a kan gwiwata. Ɗigo biyu ne, sun bushe sun baje. Ɗaya ja, gefensa tsaf, ba abin da ya taɓa shi. Ɗayan shuɗi, an danne shi tun yana ɗanye, zanen yatsan Inna ya fito a kansa layi-layi.

Ƙarya ta uku tana kan harshena, a shirye, kuma ta fi sauran biyun kyau. Ba mai ƙaryata ni. Tawadar ta bi ruwa, takardar tana ƙarƙashin leda, matar da ke tambaya ba ta gani. Na dube ta, ta juyo da kunnenta wajena, ba idonta ba. Shekara goma sha ɗaya ana kirana wannan aiki, ban taɓa faɗin launin da ba shi ba ne.

"Shuɗin kika danna, Inna."

Can sai kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce take fita ba sauti, hawaye na bin ta.

"Koriyar akuya," ta ce. "Makaho ya tambayi makauniya hanya. Wayyo ɗana." Ta goge fuska da bayan hannu. "Kin buga da tasa kafin ki zubar?"

"Guda ɗaya."

"Kawo mini."

"Inna, ba kyan gani. Fuskar..."

"Na ce ki kawo."

Na koma ɗakin na ɗaga ledar na zaro shi. Bai gama bushewa ba lokacin da na tura shi, gefen rigar ya ɗan shafe. Na kawo mata. Ta ɗaga shi wajen hasken taga, ta kawo kusa, ta karkata kai, ta daɗe a haka.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Wancan mai kyan narkewa yake yi mini cikin duhu. Wannan kuwa ga shi. Ga bakin, ga haƙoran. Dariyar me yake yi?"

"Safarsa ce ba iri ɗaya ba."

"Ai kullum." Ta shafa koren kumatun da yatsan nan nata. "Wannan za ki manna mini a nan, saitin filo. Wancan ki kai ɗakinki."

Na ce, "Inna, ya kira ni ban je ba." Ban taɓa faɗinsa da baki ba sai ranar, kuma da ya fita sai kukan da na riƙe sati bakwai ya biyo shi.

Ba ta ce mini "ba komai" ba. Inna ba ta faɗin abin da ba haka ba sai ga baƙi. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, gefen hoton, ta ce, "Ni ya zo har gabana ya dafe ƙirji, na ce ya sha ruwa." Muka zauna a haka har rana ta bar tagar.

Idon nata ya ƙarasa tafiya bayan wata uku. Hoton yana nan a bango saitin filo, ba ta ganinsa, amma in an share ɗaki takan sa hannu ta tabbatar ba a taɓa shi ba. Baƙi in sun shigo sukan dube shi su kawar da kai, ba mai tambaya.

Firintar tana aiki. Malamar da ta karɓi ajinsa takan turo hotunan dabbobi in buga mata, ni nake ɗurar yanzu. Sai dai soson bai taɓa sakin tasa duka ba. In ta kwana biyu ba a kunna ta ba, takardar farko takan fito da ɗan kore a gefen fuska, ko ta akuya ce ko ta mutum, sai ta biyu ta washe. Ba na zubar da ta farkon.

Kuma na daina cewa ina zuwa. Duk wanda ya kira ni a gidan nan, ko me nake yi, ajiyewa nake in tashi. Wata Asabar ɗin ina bayan gida wajen shanya sai in ji an ce Auta. In leƙa wurin Inna in tarar tana barci. In wuce ɗakinsa in tura ƙofa, ba kowa sai kujera da kwalabe uku. Duk da haka nakan shiga in tsaya gefen teburin, in ba shi minti biyunsa.